Gayyar ƙwari: yadda ɗan mitsitsin ƙwaro ke kashe bishiyar fayin da wari

Kwanaki na shiga Panteka neman katakon da zan yi kanta a ɗaki, irin katakon nan da ake ɓallewa daga akwatunan da ake shigo da injuna a ciki, katakon fayin ne fari mara nauyi, in aka kankare shi zaka ji wani ƙamshi kamar na maganin wanke banɗaki. Ina juya wani falanki sai naga zane-zane shuɗi-shuɗi a jikinsa, ba shuɗin fenti ba, kamar dai an ɗiga bula ta bi jijiyar itacen. Nace Baba wannan fa, ba ruɓa ya fara ba? Dattijon kafintan yayi dariya yace ɗana ai haka yake zuwa, ƙarfinsa na nan, in ka shafa mai banish ma kyau yake ƙarawa. Kuma gaskiya ya faɗa, shuɗin baya rage ƙarfin katako wani abin kirki. Funfuna ce take rina shi haka. Wani lokacin takan kama gungumen da aka sare aka bari a danshi, amma babban mai yi mata dako zuwa cikin bishiya mai rai wani ƙwaro ne da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma labarin yadda yake shiga bishiyar shine abinda nake so mu ɗan tattauna, domin ni dai ya daɗe yana bani mamaki.

Da farko mu san bishiyar. Fayin ita ce mai ganye kamar allurai, ba ta kakkaɓe ganye da rani, yawancin danginta a ƙasashen sanyi suke. Ba ita ce wadda ake jerawa a bakin gidaje mai yin fito in iska ta kaɗa ba, waccan kama kawai suka yi, danginsu daban. Fayin na ainihi akwai shi a gandun dajin Afaka nan Kaduna hanyar Mando da kuma wajen Jos, irin da aka kawo daga yankin Karebiyan aka dasa. Ƙwaron kuma dangin ƙwarin ɓawo ne, sun kai iri 6,000 a duniya, kuma mafi yawansu basu da wata ɓarna, mataccen itace ko wanda ya kusa mutuwa suke bi. 'Yan kaɗan ne ke iya tunkarar lafiyayyar bishiya. Wanda yafi suna cikinsu shine na duwatsun yammacin Amurka da Kanada, masana suna kiransa Dendroctonus ponderosae, kuma kalmar farkon ma'anarta mai kashe itace, kaga tun daga suna an gama magana.

Abinda yake nema ba katakon bane. Tsakanin ɓawo da katako akwai wani siririn shimfiɗi mai laushi da danshi, ta nan abincin da ganye ya haɗa yake saukowa zuwa saiwa, to nan yake so ya haƙa rami ya zuba ƙwai tsutsotsinsa su ci. Matsalar ita ce bishiyar ba a zaune take ba. Kun san yadda bagaruwa ko dakwara ke fitar da ƙaro in an sassare ta, to fayin nata ya ninka haka, jikinta cike yake da 'yan hanyoyin ƙaro, ana huda ɓawon zai kwararo mai danƙo mai guba, ya cika ramin, ya turo ƙwaron waje ko ya binne shi da ransa. In ka ga hoton bishiyar da aka kai wa hari zaka ga dunƙule-dunƙulen ƙaro gauraye da garin itace a jikinta kamar an watsa mata gugguru. Ƙwaro ɗaya, ko goma, ko ashirin, lafiyayyar bishiya zata gama dasu bata ma san anyi ba. Amma ƙaron yana da iyaka, kamar tankin ruwa ne, in aka huda shi ta wuri ɗari a lokaci ɗaya matsinsa zai faɗi. Binciken da aka yi a kan irin fayin da wannan ƙwaro yafi so ya nuna in ramuka suka kai wajen 40 a kowane murabba'in mita na ɓawo to bishiyar ta fara sarewa. Saboda haka duk rigimar tsere ce, shin ƙaro zai kashe na farko kafin sauran su iso, ko sauran zasu iso kafin ƙaro ya gama aikinsa.

To ta yaya zasu iso tare, a daji mai bishiya miliyoyi, babu waya babu mai shela? Nan ne wari ya shigo.

A wannan nau'in mace ce ke fara sauka, wajen watan Yuli zuwa Agusta. Tana fara haƙa ƙaro zai taso mata, kuma a cikin ƙaron akwai wani sinadari mai suna alfa-fainin, yana cikin masu bada ƙamshin nan da naji a Panteka, kuma guba ne gareta. Jikinta sai ya ɗan sauya shi don ya rage masa dafi, ya maida shi wani abu da ake kira berbenol, shi kuma ya fita tare da kashinta da garin itacen da take turowa waje, iska ta ɗauka. Wannan berbenol ɗin shine kiran gayya. Duk wani ɗan uwanta dake shawagi a ƙasan iska zai shaƙe shi da 'yan eriyoyin kansa ya juyo ya bi. Wato makamin da bishiya ta ɗauko don ta kashe ta, shi ta karɓe ta maida ganga. Har ma an gano a 2018 cewa matan tun suna tsutsa suke tara wannan abu a jikinsu daga bishiyar da suka girma a ciki, su ajiye, ranar da suka sauka kan sabuwar bishiya su sake shi nan take, basa jira sai sun haɗa sabo. Guzuri suke tafe dashi.

Kuma wai kar ku ɗauka kalma ɗaya ce. Berbenol shi kaɗai baya jan jama'a sosai, sai ya haɗu da ƙamshin ita kanta bishiyar, musamman wani sinadarinta mai suna mirsin, sannan kiran ke yin ƙarfi, kamar dai ace saƙon yana cewa ga ni nan kuma ga abinci nan, ba a iska nake magana ba. Mazan da suka amsa kira suna zuwa da nasu warin, birebikomin, wanda in yana ɗan kaɗan yake ƙara jawo mata. Matan su haƙa sabbin ramuka su ƙara berbenol, wasu mazan su ƙara zuwa, abu na ta ninkuwa, cikin kwana biyu uku bishiyar da ta shekara tamanin tsaye ta cika da ramuka ɗaruruwa ko dubbai, ƙaro ya ƙafe. Abinda ke ƙara burge ni ko ince bani tausayi shine, muddin bishiyar na fitar da ƙaro to tana basu kayan haɗa kiran ne, iya ƙarfin turjiyarta iya ƙarfin gangamin da ake yi a kanta.

Sai kuma 'yar rakiyarsu, funfunar nan. Wannan ƙwaro yana da wasu 'yan aljifai a gefen bakinsa da yake ɗauko irinta a ciki daga tsohuwar bishiya. Tana shiga sai ta bazu cikin farin katakon da ruwa ke bi ya hau sama, ta toshe hanyoyin, ta bar wannan shuɗin. Su kuma tsutsotsi, uwar ta haƙa rami a tsaye ta jera ƙwai gefe da gefe, su sai su ci a kwance, su yanke hanyar abinci zagaye da gindin. Sama ba ruwa, ƙasa ba abinci. Bishiyar zata cigaba da zama kore shar na wasu watanni alhali ta riga ta mutu, sai shekara ta zagayo ganyen ya koma ja, bayan nan ya zube ta zama toka-toka. Shiyasa lokacin da mai gadin daji zai hango ja daga nesa, ƙwarin sun daɗe da tashi sun koma gaba.

Yanzu ga inda ni nake ganin abin yafi daɗi. Gayya in tayi yawa ai ɓarna ce. Shimfiɗin nan da suke ci siriri ne, in ƙwari suka wuce kima tsutsotsi zasu cinye abincin kafin su girma, kowa yayi asara. Don haka dole akwai hanyar cewa ya isa. Ku tuna tashar Kawo, kwandasta na rataye a ƙofa yana ta Zariya Zariya saura mutum biyu, mota na cika sai ya buga ƙofa ya ɗaga hannu, ba wuri, a shiga ta baya. To haka suke yi. Da bishiyar ta sare, matan da suka samu miji sai su rage fitar da berbenol, mazan su ƙara wasu warin nasu irin su furontalin wanda in yayi yawa kora yake, sannan wani sinadari mai suna berbenon ya fara tashi. Ku lura da sunan, berbenol da berbenon, harafi ɗaya ya raba su kuma a zahiri ma haka ne, shi berbenol ɗin ne ke ƙara sauyawa kaɗan ya zama berbenon, wani ta hanyar iska kawai, wani kuma ƙananan halittu irin su yis dake cikin hanjin ƙwaron da cikin ramukan ne ke juya shi. Kalmar zo ita ce in ta kwana biyu take komawa kar ka zo. Waɗanda suka makara suna isowa su ji wuri ya cika, amma sun riga sun taru a wajen, sai su sauka kan bishiyar dake kusa su fara sabuwar gayya, shiyasa mutuwar take tafiya gungu-gungu kamar gobara a kasuwa, daga wannan rumfa zuwa ta kusa da ita.

Mutane suna son su ce wannan haɗin kai ne, sarkin yawa yafi sarkin ƙarfi da sauransu. Ni ban cika yarda ba. Ba zuma bane su, basu da sarauniya basu da gida ɗaya, ba wanda ke yiwa wani aiki. Macen farko tana kira ne don in ba a zo ba ƙaro zai binne ta, kuma da yawa daga masu fara sauka a nan suke mutuwa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wanda yazo a tsakiya shi yafi kowa riba, an riga an karya bishiyar kuma wuri bai cika ba. Na ƙarshe kuma yana juyawa ne ba don biyayya ba, don in ya shiga 'ya'yansa ne zasu mutu da yunwa. Kowa kansa yake yiwa, amma lissafin kowa ya faɗo wuri ɗaya, daga nesa sai ka rantse akwai kwamanda.

Kuma ba duk dangin ke bin tsari ɗaya ba. A dangin da ake kira Ips namiji ne ke fara haƙa, ya share ɗan ɗaki a ƙarƙashin ɓawo ya kira mata biyu uku ko fiye, kowacce ta ja nata ramin daga ɗakin. A kansu ne ma aka fara gane sinadaran kiran ƙwarin ɓawo. Ita kalmar feromon, wato warin da halitta ke fitarwa don 'yan uwanta su ji su aikata wani abu, a 1959 aka ƙirƙiro ta, shekarar da Bajamushe Adolf Butenandt ya fitar da warin da macen malam-buɗe-littafin siliki ke kiran namiji dashi bayan ya tattara wajen guda 500,000. Sai a 1966 Robert Silverstein da David Wood da abokin aikinsu suka tara garin itacen da mazan wani Ips na Kalifoniya ke turowa, kilo-kilo, suka tace suka samu sinadarai uku, kuma suka ga babu wanda ke aiki sosai shi kaɗai sai an haɗa. Kafin nan ana zaton kowane ƙwaro warinsa ɗaya ne tak. Daga baya kuma aka gano ba komai suke karɓa daga bishiya ba, wasu sinadaran a hanjinsu suke ƙera su tun daga tushe, cin ɓawon ne kawai ke tada injin.

Har karin harshe suna dashi, wallahi. Akwai sinadaran da suke zuwa iri biyu kamar takalmin dama da na hagu, komai nasu ɗaya amma ɗaya baya shiga ƙafar ɗaya. Wani nau'i mai suna Ips pini yana amfani da irin wannan, ifsidiyenol. Na Kalifoniya kusan ƙafa ɗaya zalla suke fitarwa, in ka haɗa musu da ɗaya ƙafar sai su ƙi zuwa, na wajen Niyok kuwa gauraye suke so. Ƙwaro ɗaya, suna ɗaya, amma kamar Basakkwace da Bazazzagi. Dalilin na Kalifoniya kuwa akwai wani ɗan uwansu da suke takarar bishiya dashi wanda ke amfani da ɗaya ƙafar, to jin ta na nufin wasu sun riga ka, nemi gaba.

Amma shela ai ba mutum ɗaya ke jin ta ba. Akwai wasu ƙwari masu zanen ja da baƙi da fari a baya, mafarauta ne, sun haddace wannan wari tsaf, duk inda aka kira gayya tare dasu ake isowa, manyan su kama masu sauka a kan ɓawo, tsutsotsinsu su bi ramuka su cinye na ciki. Wannan ma ba sai munje Kanada ba. Ƙwaron nan mai huda masara da busasshen rogo a rumbu, wanda ya shigo Afirka daga Amurka ta Tsakiya ya fara ɓulla a Tanzaniya sannan Togo, shima namijinsa kiran taro yake da wari, kuma akwai wani ƙwaro mai cin sa da ke bin wannan warin, har aka ɗauko shi aka sake a Togo a 1991 don ya rage shi.

Mu ma 'yan Adam mun shiga layin masu satar ji. Tunda aka san sinadaran ai sai aka fara haɗa su a masana'anta. Ana sa na kira a tarko, wasu baƙaƙen mazurarai da ake jerawa a tsaye su yi kama da gindin bishiya, ƙwaro yazo ya faɗa ciki. A 1979 ƙasar Norwe ta baza tarko wajen 600,000 saboda wani Ips mai kashe wata 'yar uwar fayin, aka kama biliyoyi, amma har yau ana gardama ko tarkon ne ya kawo ƙarshen annobar ko dawowar ruwan sama bayan fari. Shi kuma berbenon ana zuba shi a 'yan ƙananan leda a manna a jikin bishiyar da ake ji da ita, wato a kafa mata allon ƙarya cewa mota ta cika. Yana aiki in ƙwarin basu yi yawa ba, a wurin shaƙatawa ko gefen gida ko wasu tsirarun bishiyoyi masu daraja. In annoba ta kai annoba kuwa, dambu in yayi yawa baya jin mai, zasu bi ta kan allon su shiga. Kuma tarkon kira shima yana da haɗari, in ka rataye shi kusa da lafiyayyun bishiyoyi ka kira musu gayya da hannunka. Manoman tumatir na nan sun san irin wannan tarko tun bayan 2016 da tsutsar nan da ake cewa sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, sai dai na tumatir warin mace ne dake jan maza kawai, kuma babban amfaninsa ya gaya maka baƙo ya iso ka shirya, ba wai shi zai gama yaƙin ba.

To in dai ƙwaron nan ɗan asalin dajin ne, shekaru dubbai suna tare, me ya sa abin ya ɓaci? Domin a lardin Biritish Kolombiya na Kanada, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa bayan 2010, ya taɓa daji sama da hekta miliyan 18, ya kashe kusan rabin fayin da ake iya sayarwa a lardin. Warin bai canza ba, ma'aunin ne ya karkata. A da sanyi ne ke riƙe dasu, tsutsotsin suna tara wani abu a jininsu dake hana su daskarewa amma in sanyi ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, ko ya faɗo da wuri kafin su shirya, yawancinsu mutuwa suke, to irin wannan hunturu ya ragu. Ga fari, bishiyar dake jin ƙishi bata da ƙaron kirki, wadda da sai ƙwari dubu zasu kayar da ita yanzu kaɗan sun isa. Ga kuma shekara da shekaru ana kashe gobarar daji da zarar ta tashi, sai daji ya cika da tsofaffin bishiyoyi sa'annin juna, masu kaurin ɓawo, daidai abinda ƙwaron ke so. Kuma da zarar sun yi yawa lissafin ke juyawa, lokacin da suke kaɗan raunanan bishiyoyi suke laɓewa a ciki domin ko sun kira ba mai amsawa, da suka yi yawa kuwa manyan lafiyayyu suke zaɓa tunda sun fi abinci kuma duk kiran da aka yi za a amsa, su kuma manyan su haifar da ƙwari ninkin ba ninkin. A 2006 iska ta kwashe su ta tsallake dasu duwatsun Roki zuwa cikin lardin Albata, inda a da ba a san su da yawa ba.

Akwai wani abu ɗaya da aka lura dashi wanda ya kamata masu dasa itace a nan su riƙe. Eriyar ƙwaron ba warin 'yan uwansa da na fayin kawai take ji ba, tana jin ƙamshin bishiyoyi masu faɗin ganye, kuma shi wannan ƙamshin kora ne a wajensa, yana gaya masa nan ba gidanku bane. A dajin da itatuwa suke gauraye kiran gayyar yana cakuɗewa da wasu ƙamshin ya raunana, a gandun da aka jera iri ɗaya sa'a ɗaya layi-layi kuwa babu abinda ke tare shi, kuma yawancin gandun da ake dasawa, har namu na fayin da turare, haka ake jera su.

Shi kuwa katakon akwati, in kun duba gefensa sau da yawa zaku ga wani hatimi da aka ƙona a jiki, da lambar ƙasa da haruffa HT. Ma'anarsa an gasa katakon har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ƙa'ida ce ta duniya tun 2002, saboda irin waɗannan ƙwari a cikin katakon dako suke tsallake teku. Na duba nawa falankin na samu hatimin a ƙasan wani ƙusa, na nuna wa Baba kafinta, yace shi duk zatonsa lambar kamfani ce, shekara nawa yana kankare ta da fulen.